Kujerar da Malam Ya Ce Ba Ya So

A ofishinmu ni ce mai duba fuska. Ba wanda ya naɗa ni, amma tun ina sabuwar zuwa aka lura cewa idan mutum ya amsa mini gaisuwar safe, nakan gane yadda ya kwana fiye da abin da bakinsa ya faɗa. Ainihin aikina shi ne kula da ƙungiyoyin mata manoma, in shiga ƙauye in koya musu ajiyar iri da haɗa takin gida. Sai dai sau da yawa kafin in ajiye jakata wani ya leƙo ya ce, "Hajiya, don Allah shiga ki gaida Darakta ki gano mamu yadda ya tashi, izinin tahiya nike son nema." In shiga, in gaisa, in fito in ce a bari sai bayan azahar. Haka muka yi ta yi shekara da shekaru.

Mutane suna cewa baiwa ce. Ni dai gajiya na sani a cikinta. Ka zauna a taro kana ganin wanda ke murmushi alhali ransa a ɓace yake, da wanda ke cewa ya amince alhali gobe shi zai fara warware maganar, kuma ba ka da ikon cewa uffan. In koma gida Kambarawa kaina yana sara kamar na wuni ina daka. Maigidana yakan ce ni na ɗora wa kaina, wai in riƙa kallon takalman mutane in bar fuskokinsu. Na gwada, ban iya ba.

Akwai dattijon da duk sashenmu muke kira Malam kawai. Ofishin cike yake da malamai, amma sauran sai an haɗa da sunansu, shi kuwa in an ce Malam an gama magana. Daga Batagarawa yake zuwa kullum a kan wani tsohon babur wanda muka san ƙararsa tun daga bakin ƙofa. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma ba mutumin da nake wasa da shi a wurin kamarsa. Gani-har-hanji yake kirana. In na shigo sai ya kare fuskarsa da hula ya ce, "Ku ɓoye cikinku, ga ta nan ta iso." Ni kuma in ce masa nasa cikin ba komai a ciki sai tuwon jiya.

Ƙarya nake yi, akwai abu a ciki, kuma na daɗe da ganinsa. Malam yana son kujerar shugaban sashenmu. Bai taɓa faɗa ba, ko da wasa. Duk lokacin da shugaban ya yi tafiya shi ake bar wa riƙo, amma ba ya zama a kan kujerar. Sai ya zauna a ta baƙi, ya juyo da fayilolin wajensa, ya yi aikin a karkace har mai wurin ya dawo. Da ritayar shugaban ta matso, na ga Malam ya ɗinka sababbin kaya, ya fara riga masinja zuwa ofis, ya daina tsokanar shugaban da ya saba tsokana. Wata rana muna tsaye ya tambaye ni, kamar maganar ta faɗo ne kawai, ko an gyara fankar ofishin shugaban. Shi ma ritayarsa ba nisa. In wannan ta wuce shi, babu wata, zai bar aikin da ya ba ƙuruciyarsa ba tare da an taɓa kiransa shugaba ba.

Kuma kowa ya san kujerar tasa ce. Shi ne babba, shi ne ya san manoman yankin nan da gonakinsu, har da waɗanda ba sa ga maciji da juna a kan iyaka. Abin da ya rage kawai shi ne a bi hanyar da aka saba bi.

Hanyar kuwa ita ce kara. A wurinmu dattijo ba ya karɓar girma a tayin farko. Darakta zai kira shi ya ce ga abin da ake so ya riƙe, shi kuma ya ce a'a, ai akwai yara masu jini a jika, a ba wane. Darakta ya ce ba wane ake so ba, kai ake so. Ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara. Sai a tura wani mai mutunci ya same shi a gida, a zauna a zaure, a sha ruwa, a matsa masa. Daga nan ne zai ce tunda an nace, Allah ya ba shi ikon riƙe amana. Wanda aka ce a ba ɗin, shi ma ya san an ambace shi ne don girmamawa, zai zo ya durƙusa ya ce shi wa, a gaban na gaba da shi. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, amma a haka na ga an naɗa duk shugabannin da na yi aiki da su. Ni kaina abin yakan ba ni haushi, in ce ɓata lokaci ne, amma a cikinsa muka tashi.

Matsalar ita ce Daraktan namu sabo ne. Ɗan garin nan ne, gidansu na cikin birni, sai dai ya daɗe yana aiki a waje da ƙungiyoyin da in ka ce e an rubuta e, in ka ce a'a an rubuta a'a. Har Hausarsa ta wanke, ba ka jin Katsinanci a bakinsa sai in ya fusata. Mutumin kirki ne, ba ya cin hakkin kowa, amma kullum sauri yake, kuma gaisuwarsa gajera ce. Kana cikin tambayarsa iyali ya riga ya buɗe fayil.

Ina ofishinsa ranar da abin ya faru, na je yi masa bayanin wata rijiya da matan wani ƙauye ke nema. Malam ya yi sallama, sanye da farar shadda sabuwa, don an gaya masa Darakta na nemansa. Na miƙe zan fita, Darakta ya ce in zauna, maganar ba ta sirri ba ce. Ya ce wa Malam yana so ya miƙa sunansa a matsayin shugaban sashe.

Malam ya sunkuyar da kai kamar yadda ya kamata. Ya ce, "Ranka shi daɗe, na gode ƙwarai. Amma ni ai na tsuhwa, gwiwa ta hwara ƙi. Ga Injiniya nan, yaro ne mai ƙoƙari, shina da ilimin zamani. A ba shi mana."

Injiniya shi ne mai kula da noman rani a sashenmu. Ba yaro ba ne, yana da furfura a gemu, amma a hannun Malam ya koyi aiki, kuma Yaya yake kiransa.

Darakta ya ajiye bironsa ya dubi Malam da mamaki, har idonsa ya yi taushi. Ya ce, "Wallahi Malam ka burge ni. Da manyanmu za su riƙa yin haka da ƙasar nan ta gyaru. Shi ke nan, na karɓi shawararka, Injiniya za mu ba."

Na dubi Malam. Fuskarsa ba ta canza ba, murmushin na nan inda ya bar shi, amma ya ɗaga hannu ya gyara hular da ba abin da ya same ta. Ya zauna ɗan jim yana jiran sauran maganar, sauran maganar kuwa ba ta zo ba, Darakta ya riga ya koma kan zancen rijiya. Malam ya miƙe ya ce a huta lafiya, ya fita, ya ja ƙofar a hankali.

Kwanakin da suka biyo baya Malam ya fi kullum dariya. Muryarsa har tsakar ofis, yana tsokanar direbobi, yana ba da labaran da ya riga ya ba mu. Ya koma tsofaffin kayansa. Labari kuwa ya zagaya kafin a tashi aiki ranar, kuma ba wanda bai gane abin da ya faru ba, daga masu lissafi har maigadi. Amma kowa ya ja bakinsa ya tsuke. Sai su riƙa zuwa teburina ɗaya bayan ɗaya, su yi ƙasa da murya su ce, "Hajiya, wagga magana hwa ba daɗi. Ke ce za ki iya." Na ce wa ɗaya daga cikinsu, wani babban jami'i mai tumbi, ko shi an ɗinke masa baki ne. Ya yi dariya ya ce ai ni Allah ya ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san in abu ya yi kyau za a ce mun yi, in ya lalace a ce Hajiya ta yi.

Duk da haka ban iya kawar da kai ba. Ba a riga an miƙa sunan ba, akwai sauran dama. Na fara da Malam kansa. Na same shi yana wanke hannu bayan ya ci ɗanwake, na ce, "Malam, kai dai ka cika kara. Ba ka komawa ka ce ka sake shawara?"

Ya ce, "Gani-har-hanji, yau na'urar taki ta samu matsala. Ni mi zan yi da kujera? Bari in lallaɓa in kai ritayata lahiya." Ya faɗa yana dariya, amma bai dube ni ba, sai ya yi ta murza hannun da ya riga ya fita tas.

Daga nan na nemi Injiniya. A tsari, shi ya kamata ya je ya ce ba zai hau gaban Yayansa ba, magana ta koma inda ta fito. Na same shi a bakin sito ana sauke injinan ban ruwa. Muka gaisa, na ja shi gefe na ce, "Ka san dai Malam kara ya yi maka."

Ya ce, "Hajiya, wallahi in Yaya shina so, yau ɗin nan na bar mashi. Amma da bakinshi ya hwaɗi ba ya so. Ni kuma in je in ce mi? In ce ƙarya ya yi?"

Yana maganar yana kallon injinan, yana ƙirga su da ido ba gaira ba dalili. Ya sani sarai. Kuma na ga abin da ke ransa, shi ma ya daɗe yana jira, kuma yana tsoron in ya yi tasa karar a gaban wannan Darakta, shi ma a ce an karɓi shawararsa a ba wani can. Ban ga laifinsa sosai ba, abin da ya ƙara gajiyar da ni ke nan. Da mugu ne da na samu wanda zan zaga a zuciyata in huta.

Saura Darakta. Na kwana biyu ina juya abin, maigidana yana cewa in fita daga harkar maza da kujerunsu. Da safe na shiga na gaishe shi, na ja gaisuwar da gangan har ya ɗago kai. Na ce, "Yallaɓai, kan maganar Malam ce. Ka san mu nan ba a amsar dattijo a tayin hwarko. Da za ka daure ka je gidanshi Batagarawa da yamma, ko ka tura wani babba, a matsa mashi, za ka ga ya amsa."

Ya ce, "Hajiya, mutumin nan a gabanki ya ce ba ya so. Har dalili ya kawo. Me zai sa in tilasta wa dattijo abin da ya ce ya fi ƙarfinsa?"

Na ce kara ce. Ya ce ya san kara, shi ma a garin nan aka haife shi, amma kara a kan abinci ake yi ko wurin zama a mota, ba a kan aikin gwamnati ba. Na kewaya ta nan, na kewaya ta can, na kawo misalin waɗanda suka gabata, shi dai yana nan a kan bakansa. Ya ce ba zai yi aiki da zato ba. Ya tambaye ni kai tsaye, shin Malam ya gaya mini yana so?

Na ce bai gaya mini ba.

Ya ce, "To kin gani."

Nan zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Yallaɓai, shina so. Ya hi kowa so a ohis ɗin nan. Shekara da shekaru shina jiran kujerar nan, har kaya ya ɗinka saboda ita. In ka hana shi ka karya shi."

Ya ƙura mini ido. Na ga maganar ta shige shi, na ga kunya a fuskarsa, na ga kuma yana so ya gyara. Na ji sanyi a raina. Na sake roƙonsa ya je gida, kada ya yi a ofis. Ya ce ya ji, zai san abin yi.

Abin da ya yi shi ne, bayan sallar azahar ya aiko a kira ni, na shiga na tarar da Malam da Injiniya zaune. Wai a ganinsa adalci ke nan, a yi komai a fili kowa yana ji, kada a ce ya ba wani da rana ya ƙwace da dare. Tun daga bakin ƙofa na san an gama. Na nemi wuri na zauna.

Darakta ya ce, "Malam, ina neman afuwa, da alama ban fahimce ka ba ran nan. Hajiya ta zo ta gaya mini cewa kana son kujerar nan, ka daɗe kana jiranta. In haka ne, ba a miƙa suna ba tukuna, kuma kai ka fi cancanta. Ga Injiniya nan, na san ba zai ƙi ba. Abin da nake so kawai ka faɗa da bakinka, kana so ko ba ka so?"

Injiniya ya yi sauri ya ce, "Wallahi Yaya ka amsa, ni mai biyayya ne." Yanzu da ba ta da amfani ya faɗe ta.

Kalma biyu ake nema a bakin Malam, kuma kujerar tana gabansa. Amma a ce dattijo kamarsa, a gaban mutumin da ya koya wa aiki, a gaban mace, ya janye kyautar da ya yi da bakinsa, ya ce ina so? Na san ba zai iya ba, ko da wuƙa aka sa masa a wuya. Kunnuwansa kawai na ga suna motsi. Bai dube ni ba ko sau ɗaya.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, Hajiya ƙaunata ce ta sa ta hwaɗi haka, Allah shi saka mata. Amma abin da na hwaɗi maka ran nan shi ne maganata. A ba Injiniya. Allah shi taya shi riƙo."

Darakta ya juyo ya dube ni, irin kallon da ake yi wa wadda ta haɗa zance. Ya ce to alhamdu lillahi, magana ta fito fili, kowa ya ji. Muka tashi.

Har yau ban ce na yi laifi ba, kuma ba na jin zan ce. Na ga abu daidai, na faɗe shi daidai, na ma faɗi yadda za a yi a gyara. Haushin kowa nake ji a lokacin, na Darakta da gaggawarsa, na Injiniya da wayonsa, na masu turo ni da suka ɓace kamar ba su taɓa zuwa teburina ba, har da na Malam ɗin kansa, da ya gwammace ya rasa abin da yake so a kan ya buɗe baki. Na koma teburina na zauna ina kallon bango har aka tashi.

Da na fito neman napep sai na hange shi a gindin bishiyar bedin da yake ajiye babur, yana ɗaure wata leda a baya. Na so in wuce, ƙafata ta ƙi. Na ƙarasa na ce, "Malam, don kai na yi."

Ya ce ya sani. Ya ci gaba da ɗaurin, ya ja igiyar ya sake ja. Muryarsa ba faɗa a ciki, da ma faɗan ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "To mi ya hana ka amsa? Ga ta an miƙo maka har hannu."

Ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun da aka kira mu. Idanunsa sun yi ja, kuma tsufan da yake faɗa da wasa ran nan ya fito masa sosai. Ya ce, "Hajiya, da kin ƙyale ni, da na tahi gida a matsayin wanda aka ba ya ƙi. Ɗiyana ma haka za su ji. Yanzu kuwa duk ohis an san na so ban samu ba."

Ya hau babur ɗin, ya taka, bai tashi ba, ya sake takawa. Kafin ya ja sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Na daɗe da sanin kin gani. Ina jin daɗi da akwai mutum guda da ya sani ba sai na hwaɗa ba. Na ɗauka wurinki zai tsaya."